Zankayen Turawa

Abu biyu suka tarbe ni ranar da na sauka Doha: zafi da ƙarya. Zafin na yafe masa, don bai taɓa yi mini alkawarin komai ba. Ƙaryar kuwa har yau in na tuna sai na ja tsaki. A takardar da jami'a ta aiko mini Zariya an rubuta ɓaro-ɓaro cewa tallafin karatun ya haɗa da masauki. Da na ja akwatina har ofishin ɗalibai, wata mata ta ce ɗakuna sun cika, in je in nemi wuri a gari, za a riƙa ƙara mini wani abu na haya. Tana murmushi ta faɗa, tana murmushi ta kira wanda ke bayana.

Na zo ne yin digiri na biyu a kan adana tsofaffin gine-gine. Ni ɗan gidan magina ne. Mahaifina a kan katangar ƙasa ya yi furfura, ni kuma aka sa ni boko, na karanci zanen gini, na yi shekaru a ma'aikatar ayyuka ina zana ajujuwan firamare iri ɗaya har hannuna ya haddace su. Aikin nan na ajiye na taho, na bar matata Rabi da 'yarmu a gidanmu. Tallafin kuma yana da sharaɗi mai kaifi: ka faɗi darasi ko ɗaya, a yanke, ka tattara ka koma. Ni kuwa in na koma ba abin da ke jirana, don tun kafin in hau jirgi an ba wani teburina.

Wani dillali ya nuna mini hoton ɗaki a waya, da taga da labule da darduma. Da muka isa Najma, unguwar da 'yan ci-rani ke cunkushe, sai na tarar ɗakin yana nan, amma an yanka shi gida uku da falanki, tagar da labulen sun faɗa rabon wasu 'yan Nepal. Rabona gadon sama ne a lungun tsakiya, fanka na juyawa dab da goshina. Na hau na zauna a takure ina ta Allah ya isa a fili, tunda na ɗauka ba mai jin abin da nake faɗa.

Sai na ji murya daga gadon ƙasa. "Masa, in ka gama Allah ya isa ɗin ka sunkuyar da kai. Fankan nan ya aske mutum biyu kafin ka zo."

Na leƙo, na ga wani dattijo kakkaura yana yanke farce. Sunansa Issaka, kafinta ne daga Zangon Kumasi, ya daɗe a ƙasar. Hausarsa ba irin tamu ba ce, "Masa" ɗin ma kiran mutanensu ne, kamar a ce maigida, amma ranar, wallahi, ban taɓa jin murya mai daɗinta ba. Ya zuba mini shinkafa da wake irin tasu, da wani baƙin yaji da suke kira shito. Ina ci hawaye na zuba. Ya ce yajin ne, na ce i, Baba Issaka, yajin ne.

Darasi mafi nauyi a zangon farko na wata Baturiya ce mai furfura, Dakta Helen. Ranar farko ta haska mana hoton wani gini a bango. Tsohuwar makarantar firamare ce a wani ƙaramin gari na arewacin Ingila, ginin zamanin Biktoriya, wato tun Turawa ba su ci ƙasar Hausa ba. Hukumarsu ta sa shi cikin gine-ginen tarihi, doka ta hana a rushe shi ko a canja masa ko da taga ɗaya ba izini. Jan bulo ne tun daga ƙasa har sama. Rufinsa mai tsini ne, an jera masa falalen baƙin dutse kamar ɓawon kifi. Tagogin dogaye ne, samansu ya haɗe da tsini, amma an ɗaga su sama ta yadda yaron da ke zaune ba zai ga waje ba, sai dai haske ya shigo masa. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, kowace an sassaƙa sunanta a dutse, sannan ga 'yar hasumiyar ƙararrawa a tsakiyar rufin.

Gaskiya ginin ya burge ni. Dakta Helen ta ce ajin duka za mu je mu yi mako a can, mu auna shi, mu taɓa shi da hannu. In mun dawo kowa ya zana shi ciki da waje, ya ƙera ɗan ƙaramin samfurinsa da katako, ya tsaya gaban kwamitin malamai ya yi bayani. Makin darasin gaba ɗaya a nan yake. Ta ce masu buƙatar biza su hanzarta. Na waiga, na ga ni kaɗai nake rubuta wannan maganar.

Takardun neman bizar sun tsorata ni, tambaya kan tambaya kamar ranar hisabi. 'Yan ɗakinmu suka ce kada in wahalar da kaina, akwai wani mai shagon buga takardu a bayan layinmu, tsakanin masu canji da mai gyaran waya, ba ƙasar da bai tura mutum ba. Na je. Ya karɓi fasfona yana shan shayi, duk abin da na tambaya sai ya ce, "Mafi mushkila," wato ba matsala. Na ba shi wasiƙar jami'a, ya ajiye gefe ya ce shi ya san abin da Turawa ke son ji.

Ashe abin da ya san suna son ji ƙarya ce. Ya rubuta ni ɗan kasuwa ne mai sayen kayan gini, ya maƙala takardar wani otal da ban taɓa kama ɗaki a cikinsa ba, wasiƙar jami'ar kuwa ko sa ta bai yi ba. Ni kuma na sa hannu inda ya nuna mini, ban karanta ba, mutum mai digiri guda. Amsa ta dawo an hana ni. Na koma shagon.

"Ɗan kasuwa? Ka taɓa ganin ɗan kasuwa da ke kwana ƙarƙashin fanka?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Kalas, ya akhi, magana ta ƙare, ɗan'uwa. Nasibi ne. Kana son ta Kanada?"

Baba Issaka ne ya janye ni daga shagon, yana tuna mini cewa a ƙasar nan baƙon da ya ɗaga hannu jirgi ake sa shi.

Dakta Helen ta nuna damuwa sosai, ta ce ba yadda za ta yi da dokar darasi, amma zan iya aiki da hotuna da awon da 'yan aji za su kawo. Ta haɗa ni da wani yaro a ajinmu, Tarik, ɗan masu hali ne mai fasfo biyu, ta ce shi zai zama idona. Tarik ya dafa ƙirji ya ce in kwantar da hankalina.

Suka tafi. Hotuna suka fara shigowa wayata. Ga Tarik a ƙofar maza. Ga Tarik a ƙofar mata yana dariya. Ga Tarik da kofin shayi, ginin yana can bayansa ya leƙo ta gefen kunnensa. Na rubuta masa cewa don Allah ya matsa gefe, fuskarsa na riga na haddace ta. Ya turo mini alamar dariya da wani hoton, wannan karon da hular sanyi. Na cikin ajujuwan kuwa 'yan kaɗan ne, su ma a karkace. Abin da mai gadin makarantar ya yi ta yi musu bayani suna zagayawa, ko kalma ɗaya ba ta iso ni ba.

Da suka dawo sai hira ta zama ta tafiya kawai. Ka tuna ranar da ruwa ya dake mu? Ka tuna tsohuwar nan mai kare? Ina zaune a tsakiyarsu kamar wanda ya zo biki ba gayyata. Na karɓi awon bango da na tagogi, na yi fushi da kowa, na daina zuwa ɗakin zane. Ko lokacin da Dakta Helen ta ware don duba aikin kowa ban je ba. Na ce zan yi nawa ni kaɗai, su gani ranar.

Wata Juma'a da la'asar na tafi Corniche, bakin tekun da mutane ke shan iska, na zauna ina kallon jiragen katako da ke daure. Kewar gida ta taso mini. Na buɗe hotunan ina ja da yatsa, ina kauce wa kunnen Tarik, sai idona ya faɗa kan wasu abubuwa a saman rufin. Dogaye ne, siriri, biyu-biyu a ƙarshen kowane bango, an yi musu ado da bulo mai kusurwa takwas, an rufe kansu da faifan dutse. Na miƙe tsaye don murna. Zankaye! Irin ƙahonnin nan da maginanmu ke tsayarwa a kusurwar soro, don ado, kuma don mai yaɓe ya sami inda zai ɗaura igiya.

Kada wani ya ce ban san bututun hayaƙi ba. Na san shi a gidan burodi, baƙi ƙirin, yana tuƙuƙi. Waɗannan kuwa tsaf suke, kansu a toshe, an ƙawata su fiye da ƙofar shiga. Wane mahaukaci ne zai yi wa hanyar hayaƙi kwalliya haka? Nan take na kira gida, Rabi ta kai wa mahaifina wayar.

"Baba, ashe Turawa ma suna zanko."

"Kai, Lawal! Da gaske?"

"Wallahi, har biyu-biyu suke jerawa."

Ya yi dariya har da tari. "To ai dole. Gini ba zanko mutum ne ba hula. Ka gaya musu a wurinmu suka gani."

Ranar na koma Najma da ƙafa, ina ta murmushi ni kaɗai. Na samo abin da duk waɗanda suka je da idonsu ba su gani ba.

Baba Issaka yana aiki a wani wurin kafintoci a Al Wakrah, kusa da tashar masunta, inda suke ƙera ƙofofi da gyaran jiragen ruwa. Ya roƙi shugabansu, wani Ba'indiye mai ƙarancin magana, ya yarda in riƙa zuwa ranar Juma'a bayan masallaci in tsinci guntayen katako. Can muka yi ta fama, gumi na ɗiga kan awo. Tagogi kaɗai sun kusa kashe ni. Rufin kuwa sai da muka yanka katako ƙanana-ƙanana muka jera da gam, yatsuna duk suka yi kanta. Baba Issaka yana aiki yana mita.

"Masa, mutanen nan ba su son yara. Ka sa taga can sama, yaro ba ya ganin ko akuya? Wannan makaranta ne ko kurkuku?"

Da muka zo kan zankayen na ba shi labarinsu, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce abin da ya zama na gida ba a yi masa ƙwauron katako. Ya je ya samo guntun katakon jirgin ruwa, mai tauri kamar ƙarfe, ya gurje su ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa ɗaya a tebur ya ce ko jikokina sai sun gaje su. A cikin ajujuwan kuma, a hoton Tarik na ga wani ɗan lungu a jikin bango, an shafe shi da fenti an jera littattafai. Na ce wannan alkuki ne, wurin ajiye fitila, na sassaƙa shi daidai yadda yake a ɗakin kakata.

Ranar kai samfurin, ba motar haya da ta yarda ta ɗauke shi. Wani abokin Baba Issaka mai kai kifi kasuwa ya taimaka mana da a-kori-kurarsa. Haka makarantar Turawa ta shiga jami'a tana ƙarnin kifi, ƙudaje biyu na rakiya.

Zauren da ake bayanin an ƙure masa na'urar sanyi, har haƙorana na haɗuwa. Ni aka fara kira, don haka ban ga na kowa ba, duk a lulluɓe suke. Dakta Helen na zaune da wasu malamai biyu, 'yan aji na baya. Na fara da bulo, na bi ta tagogi, na yi bayanin ƙofofin nan biyu da gangaren rufi. Ina gani suna gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin malaman ma ya taso ya shafa rufin da yatsa. Sai na gyara tsayuwa na haska hoton soron gidanmu na Zariya gefe da gefe da makarantar, na ce ga abin da na gano: al'umma biyu da ba su san juna ba, kowace ta ga ya dace ta sa wa gininta zanko.

Zauren ya yi tsit. Na ɗauka mamaki ne, na ƙara da bayanin igiyar masu yaɓe. Sai na ji wani sauti a baya, na waiga, Tarik ne ya cusa fuska cikin riga kafaɗunsa na rawa.

Dakta Helen ta cire tabarau. "Lawal, me ke cikin waɗannan?"

"Ba komai, Dakta. Cike suke, ba rami."

"Wannan lungun na jikin bango fa?"

"Wurin fitila ne."

Ta ce a hankali, "A garin nan ruwa yakan daskare a cikin kwalbar tawada. Yara cike da aji, tun safe har yamma. Me ke ɗumama su?"

Wallahi tambayar ba ta taɓa zo mini ba, ko sau ɗaya. Ta ce lungun murhu ne, an toshe shi da aka kawo bututun ruwan zafi. Zankayena kuwa mafitar hayaƙin murhun ne, an rufe kansu don kada ruwa da tsuntsaye su shiga. Dariyar da 'yan aji ke dannewa ta ƙwace.

Kunya ta fara kama ni, sai fushi ya ture ta. Na ce, "Dakta, tun da aka haife ni ban taɓa shiga ɗakin da aka gina don ya riƙe zafi ba. Maginin garinmu da rana yake faɗa, da ruwan sama. In sanyi ya zo, kasko ne da garwashi, a shigo da shi, a fita da shi. Kun ce in zana ginin da aka hana ni gani, kuka ba ni ido, idon ya yi mako yana ɗaukar kansa hoto. Da abin da na sani na cike abin da ban gani ba. Da me kuke so in cike?"

Dariyar ta tsaya. Suka fitar da mu suka yi shawara. Ina tsaye a baranda, ba abin da nake gani sai fuskar Rabi in na shigo gida da akwati. Da aka kira ni, Dakta Helen ta ce a yadda aikin yake faɗuwa ce, domin wanda bai san inda wuta take a ginin nan ba bai san ginin ba. Ta kuma ce da na zo dubawar da ta ware, da cikin minti ɗaya ta gyara mini. Amma sun ba ni mako biyu. In dawo da samfurin da ke nuna hanyar hayaƙi tun daga murhu har sama, ko in faɗi.

Da na gaya wa Baba Issaka, sai ya ajiye cokali.

"Wuta cikin ɗakin karatu? Da yara ciki? Masa, ka tabbata matar nan ba wasa ya ke maka ba?"

Na ce ina ma wasa ne.

Katakon jirgin da muka yi alfahari da shi ya zame mana masifa. Injin huda ya yi zafi ya ƙone, bakinsa ya karye, zanko ɗaya ya tsage biyu sai da aka sake gurzo wani. Ba'indiyen ya fara harararmu. Yanzu ba Juma'a kaɗai ba, kullum da na fito aji sai in kama jirgin ƙasa zuwa Al Wakrah. Muka sa zarto muka raba makarantar gida biyu, ina ji kamar jikina ake yankawa, muka sa mata hinji yadda za a buɗe a ga cikin bango. Na sauke girman kai na je wurin Dakta Helen da tambayoyi, ta ba ni tsofaffin zane-zane. Sai ga shi hanyar hayaƙin ba miƙaƙƙiya ba ce, tana lanƙwasa cikin bango, ta wannan aji ta hau gefe da ta wancan, shi ya sa suke fitowa biyu-biyu.

Ina sassaƙawa ina fahimtar abin da ya wuce ni. Ashe ginin nan gaba ɗaya a kewayen wuta aka tsara shi, yadda namu ake tsara shi a kewayen inuwa. Teburin malami yana kusa da murhu. Bangon da ya fi kauri shi ne mai ɗauke da hayaƙi. Na tuna yaran da ke layin baya, nesa da wuta, ƙarƙashin waɗannan dogayen tagogi, na ji tausayinsu ya kama ni duk da haushin da nake ciki.

Da muka gama, Baba Issaka ya ce shi bai yarda da ramin da bai ga abu ya bi ta ciki ba. Ya fita ya dawo da murfin kwalba, da ɗan garwashi, da turaren wuta irin na Larabawan nan. Ya tura murfin cikin murhun, muka rufe ginin, muka cire faifan kan zankon. Muka tsuguna muna jira. Can sai ga wani siririn hayaƙi ya fito ta sama yana murɗawa. Kafintocin wurin suka bar aiki suka kewaye mu, har Ba'indiyen ya yi murmushi.

"Haka za ka nuna musu," in ji Baba Issaka. "Magana ya yi yawa. Ka bar hayaƙi ya yi bayani."

Na kuwa bi shawararsa. Ranar komawa gaban kwamiti na buɗe bango na nuna hanya, na rufe, na kunna garwashina na zuba turare da hannu sake, don kada a ce ba a gani ba. Hayaƙi ya taso ta zankaye biyu lokaci guda. Dakta Helen ta miƙe tsaye ta dafe ƙirji. Tarik ya ɗaga waya, karon farko a rayuwarsa ya juya ta wajen gini. Ban gama jin daɗin ba sai ƙararrawar gobara ta ɓarke a kanmu.

Aka kwashe kowa da kowa waje, bene huɗu, da masu jarrabawa da masu shara, cikin ranar tsaka. Shugaban masu gadi ya zo yana ta "Yalla, yalla!" yana tambaya wane ne. Ba sai an nuna ni ba, ni kaɗai ke ƙanshin amarya. Ya wanke ni tas a gaban jama'a, na tsaya ina cewa a raina shi ke nan, wanda murhu bai kora ba turare ya kore shi. Dakta Helen ta ratso mutane ta zo, fuskarta ta yi ja don rana, tana share hawayen dariya.

"Ka ci, Lawal. Amma don Allah kada ka sake kunna wa kowa komai."

Na zauna a kan dakalin da ke ƙuna, ban ko ji zafinsa ba. An ba ni takardar gargaɗi, na karɓa hannu biyu.

Bayan 'yan makonni ta kira ni ofis. Ta ce ta tura wa masu kula da makarantar bidiyon Tarik, sun ce rabon da a ga hayaƙi a kan rufin nan tun kakanninsu. Suna roƙon a ba su samfurin su ajiye a zauren makarantar, kuma suna gayyatata in kawo shi da kaina, in ga ginin. Wannan karon ni na cike takarduna, kalma bayan kalma, ba ƙarya ko ɗaya, ga wasiƙar gayyata, ga ta jami'a. Amsa ta dawo: an taɓa samun takardar bogi a neman da na yi a baya, don haka an sake hana ni.

Baba Issaka ya ƙera masa akwati, muka naɗe zankayen da tsohon zanen gadona. Muka kai shi wurin masu aika kaya ta jirgin sama. Ma'aikacin ya auna, ya manna takarda, ya tambayi abin da ke ciki. Na ce makaranta ce. Ya leƙa ta ramin akwatin ya ce kai, kyakkyawa ce, a can na yi karatu?

Na ce ban taɓa ganinta ba.

Ya ce jibi za ta isa. Ba wanda ya tambaye ta sana'arta, ba wanda ya tambaye ta inda za ta kwana. Muna tsaye aka tura ta ciki a kan amalanke, har labulen roba ya rufe bayanta. Baba Issaka ya dafa kafaɗata ya ce mu je, motar Najma ba ta jira.